Jigon Lantarki da Ƙaura a Wasan Final Fantasy VII

A 1997 kamfanin Square na Japan ya fitar da wannan wasan kwamfuta, wanda mai wasa ke shiga rigar jaruminsa. An yaba zanensa da kiɗansa, har aka sabunta shi a 2020. A ganinmu, jigonsa ne ya raya shi: kamfanin Shinra yana zuƙe ran ƙasa domin samar da lantarki, talakawa suna ɗanɗana kuɗarsu. Wannan jigo ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri, inda madatsar Kainji ta tashi Gungawa daga tsibiransu a 1968. Rauninsa kuwa, labarin ya karkata ga mugu guda, Sephiroth, ya bar babbar tambayar: wa ya amfana, wa ya yi hasara?