Jinjina ga Mai Kasafin Kuɗin Fim

Haƙiƙa duk mai kallon fim ɗin Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 har ya zuwa yau, da wuya hankalinsa ya kai ga bawan Allahn nan wanda, tun kafin a kafa kyamara, yake raba dare da alƙalami yana ƙididdige ladan 'yan wasa, da hayar gida, da man janareto, da abincin ma'aikata, har da kuɗin Hukumar Tace Fina-finai. Wannan hidima sai mai amana da basira. Shi ke tattara dukkan fitowar da ta shafi gida guda a yini guda domin sauƙin haya, kuma saboda sanin halin damina, yakan keɓe wani abu, ko da hadari zai taso ya ɓata aikin yini.