Nauyi da Zato: Sharhi kan Kalmomin Fizik a Darussan Hausa

Tun 1964 Abdu Mumuni, masanin fizik haifaffen Tasawa, ya nuna a littafinsa kan ilimi a Afirka cewa ya kamata yaro ya fara karatu da harshen da ya tashi da shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Daga nan buƙatar kalmomin kimiyya ta taso, hanyar da aka fi bi kuwa ita ce a jera kalmomin Faransanci, a sa wa kowace takwararta ta Hausa. Wannan hanya tana da sauri, amma tana da aibi: takan haɗa abubuwan da kimiyya ta sha wahala kafin ta raba su. Misali biyu sun isa su nuna haka.

Na farko shi ne kalmar nauyi. Faransanci yana da masse da poids, Hausar yau da kullum kuwa tana kiran su duka nauyi. Alhali na farkon yawan abin da jiki ya ƙunsa ne, ba ya sakewa ko ina aka kai shi. Na biyun kuwa ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa jikin ne. Buhun gero mai kilo 60, da za a kai shi duniyar wata, ƙwaya ɗaya ba za ta ragu ba, amma ɗaukarsa zai yi kamar ɗaukar kilo 10 a nan, domin jan wata kusan kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa. Sikeli mai faranti biyu zai nuna 60 a can, sikelin rataye mai ƙugiya ya nuna 10. Darasin da ya kira su da suna ɗaya ba zai iya bayyana wa ɗalibi dalilin saɓanin sikelin biyu ba. Saboda haka ya fi dacewa a bar nauyi ga jan ƙasa, a nema wa ɗayan suna dabam, kamar yawan jiki.

Na biyu shi ne kalmar zato, wadda akan sa a madadin hypothèse. Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, wato kalmar tana ɗauke da tuhuma, abin da mutumin kirki ke gudu. A hanyar binciken kimiyya kuwa wannan mataki wajibi ne: a lura da abu, a kawo bayanin da za a iya jarrabawa, a gwada, a auna, sannan a karɓa ko a yar. Kalmar da ke sa ɗalibi jin kunyar mataki na biyu ta rushe sauran. Hasashen gwaji ya fi kusa da ma'anar, domin sunan da kansa yana kiran a gwada.

Tarihin faɗuwar abubuwa ya haɗa matsalolin biyu. Aristotal ya koyar cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa, aka riƙe maganarsa kusan shekara 2000. Galileyo ya mirgina ƙwallaye bisa katako mai gangara yana auna lokaci, ya kuma buga sakamakon a 1638: idan lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu; idan ya ninka uku, nisa ya ninka tara. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka lokaci ɗaya.

Wannan gwaji bai fi ƙarfin ajin yaƙi da jahilci na karkarar Maraɗi ko Tawa ba. A saki babban dutse da ƙarami tare daga kan soro, a saurari saukarsu. A saki takarda a shimfiɗe, sannan a dunƙule ta a sake saki: nauyinta bai sake ba, saurinta ya sake, iska ce ta kawo bambancin. Dutsen da aka saki cikin rijiya mai zurfin mita 20 yakan kai ƙasa cikin kimanin daƙiƙa 2. Duk wannan ba ya buƙatar kuɗi.

Abin da ya rage ga masu tsara darussa shi ne su juya tsarin aikin. A fara da gwaji gaban ɗalibai, a saurari yadda suke faɗin abin da suka gani da Hausarsu, sannan a tsai da kalma. Duk kalmar da ta kasa raba abu biyu da gwaji ya raba, kada a shigar da ita littafi, ko da ta yi daɗi a baki. Idan ba a yi haka ba, ɗalibi zai haddace maganar Galileyo kamar yadda na da suka haddace ta Aristotal, ba tare da ya san hanyar da ake bi a gane wadda ta fi gaskiya ba.