Kisa biyu a Kinshasa: abin da fim ɗin When We Were Kings ya nuna da abin da ya tsallake

A hutun da ya wuce, wani dare da wuta ta ɗauke a unguwarmu, muka taru a fada mu bakwai a kan ordinatar guda mai sauran caji, shayi na bisa gawayi, muka kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna When We Were Kings. Da George Foreman ya faɗi a turmi na takwas, duk muka miƙe da ihu, sai ka ce ba tun kafin a haife mu aka gama wasan ba. Mai shayi har ya kifar da na biyu. Da hayaniya ta lafa, wani daga cikinmu mai karatun tarihi ya ce: "To jama'a, cikin dubban mutanen ga da ke ihu tare da mu, wa kuka ji sunanshi?" Muka yi tsit. Tambayar ga ce ta sa ni wannan rubutu.

Ga wanda bai gani ba, fim ɗin na Leon Gast ne. Ya ɗauki hotunan a Kinshasa a 1974, amma rikicin kuɗi ya riƙe aikin shekara 22, sai a 1996 ya fito, ya ci kyautar Oscar a 1997. Labarin damben Muhammad Ali da George Foreman ne, wanda aka yi ranar 30 ga Oktoba 1974 a filin wasa na 20 Mai. Foreman yana da shekara 25, ya yi wasa 40 ba a taɓa cin shi ba, 37 daga ciki kisa ya yi. Ya gama da Joe Frazier a turmi na biyu, ya gama da Ken Norton a turmi na biyu, alhali su biyun nan kowa ya taɓa cin Ali. Shi kuwa Ali shekararshi 32, kuma ana ganin ƙafafunshi sun yi nauyi.

Bari in fara da ba fim ɗin haƙƙinshi, don ba a ƙi cin biri a ci dila ba. A fannin dambe, ban ga fim da ya fi shi iya koyarwa ba. Yana nuna maka Foreman yana dukan buhun atisaye har buhun ya loɓa, ka gane dalilin da ya sa mutanen Ali kansu suke tsoro. Yana nuna maka yadda Ali ya fito turmin farko yana jefa hannun dama kai tsaye, abin da ɗan dambe ba ya yi wa gwani sai in raini yake nufi. Daga turmi na biyu ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar Foreman yana zuba ƙarfinshi a haƙarƙari da damatsa har ya gaji. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa ya ga ƙaramin ɗan kokowa yana jan babba har numfashi ya ƙare mashi, zai gane dabarar nan take.

Fim ɗin kuma bai ɓoye cewa Ali ɗan adawa ba ne. Ranar 28 ga Afrilu 1967, a birnin Houston, aka kira sunanshi ya shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ƙi takawa gaba. Aka ƙwace kambunshi, aka yanke mashi ɗaurin shekara 5, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, a lokacin da jikinshi ke kan ganiya. Bai shiga kurkuku ba don ya ɗaukaka ƙara, amma ya biya da shekarun da ba su dawowa. Saboda haka mutanen Kinshasa suka ɗauke shi nasu. Foreman kuwa ya sauka jirgi da katon karenshi irin na Jamus, irin da ƴan sandan Beljiyam suke sakar wa mutane a zamanin mulkin mallaka. Tun daga filin jirgi ya faɗi a zukatan mutane.

To ina matsalar? Uku na gani.

Ta farko ita ce wa ke magana. Bakin da ya fi yawa a fim ɗin na marubuta biyu ne Turawan Amurka, Norman Mailer da George Plimpton, suna zaune a kujera bayan shekara ashirin suna tuna abin da suka gani. Akwai Spike Lee, akwai ɗan wasan kwaikwayo Malick Bowens da ke faɗin yadda Afirka ta kalli Ali. Amma mutanen garin da aka yi wasan, yara masu bin Ali da gudu a bakin hanya, mata a kasuwa, leburorin da suka gyara fili, su aikinsu ɗaya ne: su yi ihun "Ali bomaye". Da harshen Lingala ma'anarshi "Ali, kashe shi". An ba su kalma biyu a fim na awa ɗaya da rabi. Ko a bikin kiɗan da aka yi a watan Satumba kafin wasan, James Brown da B.B. King ne suka cika hoto, alhali Franco da Tabu Ley, waɗanda waƙoƙinsu suka gama Afirka, sun hau dandamali ɗaya da su. Baƙo ya zo gidanka, ya ɗauki hoto, ya koma ya ba da labarin gidan, kai kuma kana can baya kana tafi.

Ta biyu ta fi ɓata mini rai. Plimpton ya ba da labarin wai wani boka ya ce wata mace mai rawar hannu za ta shafi Foreman ta zuƙe ƙarfinshi. Duk lokacin da aka tabo maganar, sai fim ya yanko fuskar Miriam Makeba tana waƙa, ido a buɗe, ana haska ta kamar aljana. Makeba fa! Matar da gwamnatin wariyar launin fata ta hana komawa ƙasarta a 1960, ko jana'izar mahaifiyarta ba ta samu ba. Matar da ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 ta yi magana kan Afirka ta Kudu. In ana neman wanda ya biya kuɗin adawa kamar Ali a cikin fim ɗin nan, ita ce. Amma ita aka mayar mayya don labarin Bature ya yi daɗi. Wannan ba kuskuren ɗaukar hoto ba ne, a teburin haɗa fim aka zauna aka zaɓa.

Ta uku ita ce babba. Fim ɗin bai ce Mobutu waliyyi ne ba. An faɗi cewa ɗan kama-karya ne, an faɗi cewa don sunanshi ya fita duniya ya tsaya wa wasan da aka yi wa kowane ɗan dambe alƙawarin dala miliyan 5. Mailer ma ya ba da labarin wai an kame ɓarayin gari kafin wasan an kashe wasu don baƙi su samu lafiya. Amma yadda ya ba da shi, kamar tatsuniyar dare ce, abin ƙara wa tafiya armashi. Waɗanda aka ce an kashe ɓarayi ne marasa suna. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa Zayar ƙasa ce ta sarki mugu da talakawa masu rawa, babu wanda ya taɓa cewa a'a.

Alhali akwai. Ranar 2 ga Yuni 1966 Mobutu ya sa aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a a Kinshasa, cikinsu har da tsohon firaminista Évariste Kimba. Ranar 4 ga Yuni 1969 ɗaliban jami'ar Lovanium da na wasu makarantu suka fito jerin gwano cikin gari, sojoji suka buɗe masu wuta, aka kashe da dama. A Yuni 1971 ɗaliban suka yi taron tunawa da ƴan uwansu, sai Mobutu ya rufe jami'ar, ya sa aka zuba su soja da ƙarfi. Ku riƙe watan nan da kyau. A cikinshi ne, ranar 28 ga Yuni 1971, kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa Ali na ƙin shiga soja. Wata guda, shekara guda: a can mutum ɗaya ya tsira daga kaki, a nan aka cusa ɗalibai cikin kaki don sun tuna matattunsu. Bayan shekara uku mutumin ya zo garinsu a matsayin baƙon wanda ya yi masu haka. Wasu daga cikinsu ba mamaki suna cikin filin a daren. Fim ɗin da ya gina darajar gwarzonshi a kan ƙin shiga soja bai ce uffan a kansu ba.

A dambenmu na gargajiya, in ka kai abokin karawa ƙasa, an ce ka yi kisa, ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida. Irin wannan kisan Ali ya yi wa Foreman, har ga shi a bikin Oscar Foreman ne ya tallafa mashi hawa matakala. Amma a garin akwai kisa na biyu wanda ba a tashi, kuma fim ɗin na farkon kawai ya zo kallo.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fadar tun daren. Wani ya ce: "Kai malam, fim ɗin dambe ne, ba darasin tarihi ba. Kuma Ali ɗan dambe ne, ba shi ya naɗa Mobutu ba." Rabin maganar na yarda da ita. Ban ɗora wa Ali jinin kowa ba. An hana shi neman abinci shekara uku, kuma murnar da ya yi da ya ga baƙaƙen fata suna tuƙa jirgin sama a Zayar murna ce ta gaske, ta mutumin da ya tashi a Louisville lokacin da ake hana irinshi zama a gidan abinci. Amma fim ɗin da kanshi ya shigo da siyasa. Shi ya ce wasan nan ya wuce dambe, shi ya kawo Biyetnam, shi ya kawo komawar baƙar fata gida Afirka. Wanda ya buɗe tukunya ba ya cewa ƙamshi kawai ya zo ji. Kuma Gast ba a 1974 ya haɗa fim ɗin ba, da za a ce tsoro ko rashin sani. A 1996 ne, Mobutu na kan kujera, saura shekara guda ya gudu. Yadda aka nemo Mailer aka zaunar, haka za a iya nemo tsohon ɗalibin Lovanium guda ɗaya.

Mi ya sa abin ya dame ni, ni da ban taɓa zuwa Kinshasa ba? Don mu ma muna da ranarmu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka hau gadar Kennedy a Yamai, aka harbe uku, kuma jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasar ga taron ƙasa na 1991. Mu ma muna da wasan da hukuma ke so, tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché. Ina son kokowa, ba na kuma jin kunyar ihun da na yi wa Ali. Amma a ce gobe wani ya zo daga waje ya yi fim mai kyau a kan takobi, ya nuna makaɗa da ƴan kallo da shugaban ƙasa a rumfa, ya kira wannan Nijar, ya ci kyauta, ba gada ba ɗalibai. Za mu ce ya yi ƙarya? Ko ɗaya bai yi ba. Hotunanshi duk gaskiya ne. Abin da ya bari ne zai zama ƙaryar.

Shawarata ga ƴan ƙungiyarmu: ku nemi fim ɗin ku kalla, ya cancanci dare guda da shayi uku. Ku yi ihu a turmi na takwas. Amma in kun zo rubuta naku, ko gajeren labari ne ko waƙa ko rahoton wasa, ku juya baya ga fili na minti ɗaya, ku dubi wanda ke tsaye kusa da ku cikin taro, ku tambaye shi sunanshi da inda yake shekara biyar da suka wuce.