Tacewa ko Saƙa? Sharhi a kan Koyon Haɗa Hoton Fim a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda ɗalibai ke koyon haɗa hoton fim da kwamfuta, ta kuma nuna cewa sunan da muka raɗa wa wannan sana'a yana da hannu a cikin raunin da ake gani a aikinsu.

2.0 Matsalar Suna

A masana'antar fim ta Kano, "mai tace hoto" ake ce wa mai wannan aiki. Da wannan kalma ce kuma ake kiran hukumar da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa a 2001, wato Hukumar Tace Fina-finai. Tacewa kuwa a Hausa ita ce raba abu da dattinsa, kamar yadda mace kan tace ƙullu ta fid da dusa. Saboda haka ɗalibi kan ɗauka cewa da zarar ya cire inda ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, to, ya gama. Alhali kuwa aikin ya fi kama da saƙa, domin daga jeranta hoto da hoto ne ma'ana ke fitowa.

Wajen 1920 Lev Kuleshov na ƙasar Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya kan sake ma'ana gwargwadon hoton da ya biyo bayanta. Alal misali, a ɗauki hoton manomi a ƙasar Ɗambatta ya ɗaga kai yana duban sama. In aka bi shi da hadari, mai kallo zai ga fata a fuskarsa. In kuwa aka bi shi da geron da ya yi yaushi, sai ya ga fargaba, ga shi ko fuskar ba ta sake ba.

3.0 Sauƙin Na'ura

Lokacin da Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, da hannu ake yanka fim a liƙa, don haka sai an yi tunani kafin a yanka. Turmin Danya ya fito a kaset a 1990, manhajar Adobe Premiere kuma ta bayyana a 1991. A yau saurayi a Ɗambatta na iya yanka hoto sau ɗari da CapCut a wayarsa, ba tare da ya yi asarar komai ba. Wannan ci gaba ne, amma ya sa koyarwa ta karkata ga sanin maɓallai, aka bar tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa za a yanka a nan?

Haɗarin ya fi fitowa a wajen shiru. Akwai manhajojin da kan gano inda magana ta tsaya su share shi da kansu. To, a al'adar Bahaushe, budurwar da mahaifinta ya tambaye ta zancen aure ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ai ta ba da amsa ke nan. Wanda ya share wannan shiru ya share kunya, ya kuma share labarin. Haka nan gaisuwa: tsawonta shi ke nuna matsayin masu yin ta, sai mai haɗa hoto ya san wadda za a taƙaita da wadda za a bari.

4.0 Kammalawa

Bisa ga haka, muna ba malamai shawara su riƙa ba ɗalibai hotuna iri ɗaya, kowa ya saƙa labari dabam da su, sa'an nan ya kare kowace yanka da hujja a gaban 'yan'uwansa. Manhaja kan tsufa a 'yan shekaru, wata ta maye gurbinta. Ɗalibin da ita kaɗai ya koya zai koma farko. Wanda ya koyi inda ake yanka da inda ake dakatawa, zai ɗauki saninsa ya tafi da shi kan kowace na'ura.