Ƙudan da Bai Taɓa Ruwa Ba: Tsokaci kan Fasahar Ɗaurin Ƙudan Fatsa

A Birtaniya da Amurka akwai masuntan da ba sa sa tana a fatsa. Gashin tsuntsu da zaren alharini suke ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta kogi, kifi ya kai cafka. A yau ma'abota wannan sana'a sun kasu biyu: masu ɗauri domin ruwa, da masu ɗauri domin a sa a gilashi a rataye a bango. Wannan tsokaci zai auna da'awar kashi na biyu, masu cewa aikinsu fasaha ce mai zaman kanta wadda ba ta bukatar shaidar kifi.

Adon ya samo asali ne a zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da jiragen ruwan daular Birtaniya ke sauke gashin tsuntsaye daga nahiyoyi daban-daban. Ƙudan da ya fi shahara, wato Jock Scott, an ƙirƙiro shi ne wajen 1850, kuma sunan wani mai yi wa attajirai jagorar su a Kogin Tweed na Sukotlan ya ci. A ƙugiya guda ana haɗa gashin jimina da na ɗawisu da talotalo da zabo, da na wasu tsuntsayen Kudancin Amurka da Asiya. A 1895 George Kelson ya wallafa littafinsa The Salmon Fly, inda ya tsara ƙa'idojin ɗaurin dalla-dalla, ya kuma dage cewa ilimi ne na kimiyya.

Sai dai kifin da ake yi wa wannan kwalliya, wato samon na Tekun Atlantika, ba ya cin abinci idan ya baro teku ya shigo kogi domin yin ƙwai. Saboda haka ba yunwa ce ke sa shi cafkar ƙugiya ba, balle a ce yana bambance gashin tsuntsun Barazil da na kazar gida. A ƙarni na 20 masunta suka koma ga ƙudaje marasa ado, na gashin kurege ko na barewa, kuma kamunsu bai ragu ba. Ashe tun farko idon mutum ake yi wa adon.

Wannan bai rage darajar gwanintar ba. Mai ɗauri yakan tsage siraran zaruruwa daga fuka-fukan tsuntsaye daban-daban, ya aurar da su su manne kamar fiffike ɗaya ne, aikin da kan ci sa'o'i a kan ƙugiya guda. Wanda ya raina wannan bai san wuyar aikin hannu ba. Abin tambaya shi ne, wa ke hukunta aikin? Megan Boyd, wadda ta zauna kusa da garin Brora ta rasu a 2001, ba ta kamun kifi, amma ƙudajenta kogi suke zuwa. An yabe su saboda kyau da ƙarko, har aka ba ta lambar girmamawa ta daular Birtaniya a 1971. A wurinta kogi ne alƙali: abin da bai ɗauru da kyau ba, ruwa zai warware shi.

Da aka raba ƙuda da kogi, sai aka nemi wani alƙalin, aka kuwa same shi a tsofaffin littattafai. Mizani ya koma bin ƙa'idar Kelson sau da ƙafa, da samun ainihin gashin da ya ambata, alhali da yawa daga cikin tsuntsayen nan doka ta taƙaita cinikinsu. A nan ne, a ganina, fasahar ta yi tuntuɓe. Ta zama kamar waƙar da ake auna ta da tsadar takardar da aka rubuta ta a kai.

Sakamakon ya bayyana a watan Yunin 2009, lokacin da Edwin Rist, wani matashi Ba'amurke mai karatun busa sarewa a Landan, kuma gwanin ɗauri, ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu na garin Tring ya kwashe fatun tsuntsaye 299. Cikinsu har da waɗanda masanin nan Alfred Russel Wallace ya tattaro a ƙarni na 19. An fige wasu an sayar, an cire wa wasu takardun da ke nuna inda aka samo su, amfaninsu ga masu bincike ya salwanta. A 2011 kotu ta yi masa ɗaurin talala na wata 12. Kirk Wallace Johnson ya bi diddigin lamarin a littafinsa The Feather Thief na 2018.

Hukuncina shi ne, ƙudan bango ya cancanci sunan fasaha, amma bisa sharaɗi. Mai shi ya yarda cewa hannunsa ake kallo, ya rina gashin talotalo ko na agwagwa ya fito da abin da zai ƙayatar. In kuwa ya ce sai da gashin tsuntsun da ke gab da ƙarewa, to kyan ɗan maciji ya ɗaura, kuma masunci mai ƙudan gashin kurege ya fi shi sanin mutuncin sana'ar.