Jinjina Ga 'Yan Jagorar Dutsen Chappal Waddi

Mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan, wanda ya saba da irin dutsen Kufena na Zariya, da wuya ya iya kwatanta Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 daga saman teku, a kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti na Jihar Taraba da aka kafa a 1991. Ƙalilan ne ke kaiwa can, domin tafiya ce ta ƙafa mai cin kwanaki, cikin hazo da sanyi da santsi.

Waɗanda suka cancanci yabo su ne 'yan jagora, wato mazauna yankin da ma'aikatan gandun da ke wucewa gaba, tare da 'yan dako masu ɗaukar guzuri da tanti, domin su suka san mashigin kowane rafi da wurin da ya dace a yada zango, kuma da ganin hadari sukan gane ko tafiya za ta yiwu. Baƙo kan ɗauki hoto ya koma gida da suna, alhali ba kasafai ake ambaton waɗanda suka kai shi ba. Ya kamata mahaya su riƙa biyansu haƙƙinsu cikakke, su kuma ambace su.