Sonet: Ɗango 14 da Wurin da Tunani Ke Juyawa

Ɗalibin adabin Ingilishi, na sakandare ko na jami'a, ba ya inda-inda idan aka tambaye shi mece ce sonet: waƙa ce mai ɗango 14, kowane ɗango da gaɓa goma. Zai ma rattaba maka tsarin amsa-amonta da haruffa. Amma ka ce ya ɗora yatsa a kan ɗangon da mawaƙin ya sauya shawara, sai ka ji shiru. Alhali wannan wurin, da masana ke kira bolta, wato juyi, dominsa aka gina sauran.

Sonet baƙuwa ce a Ingila. A tsibirin Sisili ta samo asali a ƙarni na 13, a fadar Sarki Frederick na Biyu, sannan Petrarch (1304–1374) ya fito da ita sarari da waƙoƙin begen Laura. Zubinsa kashi biyu ne, ɗango takwas sannan shida, kamar zaman shari'a: takwas ɗin su shigar da ƙara, shidan su yanke hukunci. Juyin yakan faɗo a ɗango na tara. Thomas Wyatt ne ya shigo da ita Ingilishi a zamanin Sarki Henry na Takwas, Henry Howard na Surrey kuma ya sake mata zubi, aka buga ayyukansu a tarin waƙoƙin Tottel a 1557, bayan dukansu sun rasu.

Me ya sa aka sake zubin? Wani ɓangare na dalilin yana cikin harshen kansa. Ɗango takwas na Petrarch amsa-amo biyu kacal suke hawa, abin da ba ya wahalar da Italiyanci, inda kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya suke jibge. Ingilishi bai kai shi wannan wadata ba. Sai aka koma baiti uku 'yan ƙwar huɗu, a rufe da ƙwar biyu, amsa-amo bakwai ke nan. Wannan zubi ne Shakespeare ya bi a kusan dukan sonet 154 da aka buga masa a 1609, har sunansa ya danne na Surrey.

Sauyin bai tsaya ga amo ba, ya taɓa yadda hujja ke tafiya. A sonet ta 73, mawaƙin ya siffanta tsufansa sau uku: da ƙarshen shekara lokacin da ganye ke zuba, da faɗuwar rana, sannan da wuta mai shirin mutuwa a kan tokarta. Wanda ya rubuta a takardar jarrabawa cewa akwai siffantawa uku bai yi ƙarya ba, amma bai ga komai ba tukuna. Abin lura shi ne lokacin yana ƙanƙancewa, daga shekara zuwa yini zuwa ɗan abin da ya rage wa garwashi. Kuma shekara tana dawowa, gari yana sake wayewa, wuta ce kaɗai ba ta komowa. A sonet ta 130 kuwa, ya shafe ɗango 12 yana ƙaryata kambamawar da mawaƙan soyayya suka saba yi wa mata, sai a na 13 ya juya ya tabbatar da sonsa. A ganina ba kullum ƙwar biyun rufewa ke yi masa kyau ba. Akwai inda take zama maimaicin abin da mai karatu ya riga ya gane.

Batun kari ya fi ba Bahaushe wahala, kuma da dalili. Wanda ya san aruli ya saba auna gaɓa da nauyinta, mai tsawo da gajeriya, kamar yadda rubutacciyar waƙarmu ta gada daga Larabci. Karin Ingilishi ƙarfin furuci yake aunawa. Ƙafar da ake kira ayamb gaɓa ce mai rauni, mai ƙarfi na biye da ita, sau biyar a ɗango. Ƙirga gaɓa goma da yatsu ba zai nuna maka wannan ba, sai ka karanta a bayyane. Nan ne za ka ji inda mawaƙi ya karya karin da gangan don wata kalma ta fito.

John Milton ya koma zubin Italiya, amma ya ƙi tsayawa inda aka shata. A sonet ɗinsa kan makantarsa, jimla tana tsallake ɗango ta faɗa na gaba, abin da manazarta waƙar Hausa ke kira saɓi-zarce, juyin kuma ya zo a tsakiyar ɗango na takwas: haƙuri ya katse masa ƙorafi tun kafin lokacin da tsari ya tanada. Shi ne kuma ya ɗauki sonet ya yi kukan kisan gillar da aka yi a Piedmont a 1655.

A 1919, shekarar da tarzomar launin fata ta ci biranen Amurka, Claude McKay, haifaffen Jamaika, ya ɗauki zubin Shakespeare daidai-wa-daida ya kira baƙar fata su kare kansu. Ƙwar biyun da aka saba rufe zancen soyayya da ita, a hannunsa ta zama shelar a mutu ana mayar da martani.